Injin iska a gida: yadda za ka gane ko zai rage maka kuɗin wuta, da yadda ake kafa shi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, magidanta suka bazama neman mafita. Yawanci sola suka nufa. Wasu kuma tallan ƙananan injinan iska ne ya ɗauki hankalinsu: fanka mai fukafukai uku ko biyar a kan rufin gida, an rubuta mata wat 2000 ko 3000, wai tana ba da wuta dare da rana, ko akwai rana ko babu.

Injin iska yana aiki, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai a cikin dukkan kayan da za ka haɗa, injin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka saya. Akwai aikin biro da takarda a gabansa, kuma a gidaje da yawa, musamman na cikin gari, wannan lissafin ne zai ce maka ka bar kuɗinka ka ƙara farantan sola.

Fara da abin da gidanka ke ci

Ka zauna da uwargida ku lissafa kayan wuta ɗaya bayan ɗaya, domin ta fi ka sanin awa nawa fanka ke juyawa da rana. Kowane abu akwai wat ɗinsa a rubuce a jikinsa. Ka ninka shi da awannin da yake yi a kunne. Ga misalin matsakaicin gida: ƙwai shida masu wat 10 na awa shida, 360. Fankar sama biyu masu wat 70 na awa takwas, 1,120. Talabijin mai wat 60 na awa biyar, 300. Firji, kusan 1,200 a yini. Cajin wayoyi, a ce 50. Jimla ta ɗan haura 3,000, wato yunit uku a rana, irin yunit ɗin da kake saye a mitar kati.

Dutsen guga, hita, esi da injin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ba sa cikin wannan lissafi. Ƙaramin injin iska ba nasu ba ne. Kuma idan har yanzu akwai tsofaffin ƙwai masu zafi a gidan, ka canza su tukuna, ya fi komai sauƙi.

Iskar wurinka: nan ne duk maganar take

Akwai wata ƙa'ida da mai talla ba ya son faɗa. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta ninkawa yake sau takwas. Haka kuma idan ya ragu da rabi, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin takwas. To wat ɗin da ake rubutawa a kwalin inji, yawanci an auna shi ne a iskar da ke gudun mita 11 ko 12 a sakan ɗaya. Wannan ita ce iskar da ke kaɗa manyan rassan bishiya har ka ji wayoyin falwaya suna fito. Sau nawa kake ganin irinta a unguwarku? Iskar yau da kullum, wadda ke motsa ganyen darbejiya tana miƙar da tuta, mita 4 ce zuwa 5. Injin da aka ce yana ba da wat 1000 a iska mai gudun mita 12, a mita 4 da kyar zai ba da wat 40.

Don haka lambar da kake nema ita ce matsakaicin gudun iska na shekara, a daidai tsayin da injin zai zauna. Ƙasa da mita 4 a sakan, ka manta da maganar. Tsakanin 4 da 5, za a iya yi amma sai da lissafi. Daga 5 zuwa sama, wurinka na injin iska ne.

Hanyar farko ta gano wannan lamba kyauta ce. Akwai taswirar iska ta duniya mai suna Global Wind Atlas a intanet, wadda Bankin Duniya da jami'ar fasaha ta ƙasar Denmak suka haɗa. Ka nemo garinku, ka zaɓi tsayin mita 10, ba mita 100 da take fara nunawa ba, domin wancan na manyan injina ne. Gaba ɗaya arewa mai nisa, irin su Sakkwato, Katsina, Kano da Borno, da tsaunukan Jos da Mambila, sun fi kudancin Najeriya iska. Ba banza ba aka kafa tashar iska ta megawat 10 a Lambar Rimi ta jihar Katsina, mai injina 37. Amma duk wanda ya bi ta wurin ya ga inda aka kafa su: fili fetal, a kan hasumiyoyin da suka haura mita 50. Taswira ba ta san da benen maƙwabcinka ko bishiyar mangwaron da ke bayan gidanka ba.

Hanya ta biyu ita ce awo da kanka. Ka sayi ƙaramar na'urar auna iska mai ajiye bayanai, ka ɗora ta a kan dogon bututu a inda kake son kafa injin, ka bar ta. Shekara guda ita ce cikakken awo. Idan ba za ka iya jira ba, aƙalla ka haɗa watannin hunturu da na ƙarshen damina, don ka ga lokacin da iska ta fi yawa da lokacin da take kwanciya. Wanda ya auna a Janairu kaɗai zai yaudari kansa. Idan na'urar ko manhajar wayarka tana ba da kilomita a awa, raba da 3.6.

Ka kuma lura da sa'o'in da iskar ke zuwa. A yawancin ƙasar Hausa iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ƙarfi da hantsi, musamman a hunturu, dare kuwa sau da yawa shiru yake. Wato maganar cewa injin iska zai karɓi aiki da zarar rana ta faɗi, ba kullum take tabbata ba, sai a kan tudu ko doguwar hasumiya. Inda ya fi taimakon sola shi ne ranakun da hazo ya rufe rana, ƙura ta lulluɓe farantai, ga iskar hunturu tana kaɗawa.

Lissafin abin da zai bayar

Manta da wat ɗin kwali. Tambayi faɗin da'irar da fukafukan ke zanawa idan suna juyawa, domin shi ne girman iskar da injin ke kamawa. Ga lissafi mai sauƙi na kimanta yunit a shekara: ninka faɗin da kansa, ka ninka gudun iskar da kansa sau uku a jere, ka haɗa su ta ninki, sannan ka ninka da 1.6.

Inji mai faɗin mita 2 a iskar mita 4: 2×2×4×4×4×1.6, kusan yunit 410 a shekara, wato yunit ɗaya da ɗan kai a rana. Shi dai wannan injin a iskar mita 5 zai ba da 800, a mita 3 kuma 170 kacal. Ƙananan da suka fi yawa a kasuwa, masu faɗin mita 1.2, a iskar mita 4 ba za su kai yunit 150 a shekara ba. Gidan da muka lissafa mai cin yunit uku a rana, yana buƙatar wajen 1,100 a shekara. Inji mai faɗin mita 3 a iskar mita 5 zai ɗauke shi, don zai ba da kusan 1,800. Daga duk abin da ya fito ka cire kashi 10 zuwa 15 cikin 100, saboda iska mai zafi da iskar kan tudu irin ta Jos ba su kai ta bakin teku nauyi ba.

Da wannan za ka kama mai ƙarya. Injin mai faɗin mita 1.2, duk ƙarfin iskar da ke ratsa shi a gudun mita 12 bai wuce wat 1,200 ba. Tun kusan 1920 wani masanin Jamus, Albert Betz, ya nuna cewa babu injin da zai ɗebi fiye da kashi 59 cikin 100 na wannan ƙarfi, ƙananan injina kuma abin da suke samu bai cika wuce kashi 30 ba. Wato wat 350 ko kusa da haka. Wanda ya rubuta 2000 a jikinsa, fenti kawai ya ɓata.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da sola. Farantin sola ɗaya mai wat 400 a Kano ko Zinder yana ba da sama da yunit ɗaya da rabi a rana, ba abin da ke juyawa a jikinsa balle ya lalace. Ka nemo farashin injin, da hasumiya, da kankare, da waya, da kwantirola mai daidaita cajin batir, da kuɗin aiki, ka kwatanta da farantan da wannan kuɗin zai saya. Sannan ka duba me injin zai maye. Yunit 410 a farashin naira 225 na Afrilun 2024 ya kama wajen naira dubu 92 a shekara. Idan kuwa janareta zai maye, ƙaramin janareta yunit ɗaya zuwa biyu yake fitarwa daga litar fetur. A ce lita naira dubu ce, yunit 410 ɗin nan ya kai naira dubu 270. Shi ya sa mai gidan gona, ko wanda ke ƙauyen da falwaya ba ta kai ba, ya fi mai zama a rukunin A saurin ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Inda za a kafa shi

Ba a kan rufi ba. Iskar da ta bugi gini ko bishiya rikicewa take, tana jujjuyawa, injin ya yi ta waige-waige bai kama komai ba, boris ɗinsa na cinyewa. A Birtaniya an gwada injina 26 da aka ɗora a kan gine-gine tsakanin 2007 da 2008, a gwajin da aka sani da na Warwick. Matsakaicin abin da kowanne ya bayar bai kai yunit 100 a shekara ba, wasu ma sai da aka kashe su saboda ƙara ta dami mazauna gidan. Ga kuma girgiza, wadda ke bin bango tana tsaga shi, balle ginin bulo mai ƙarancin siminti ko na ƙasa. Injinan da ke tsaye kamar ganga suna juyawa, da ake tallatawa cewa na rufi ne, su ma ba su tsira daga wannan ba, kuma galibi sun fi masu fukafukai ƙarancin wuta.

Ƙa'idar masu sana'ar ita ce ƙasan fukafukan ya ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin mita 100 zuwa 150 da kamar mita 9. Idan darbejiyar gidan ta kai mita 8, hasumiyarka za ta doshi mita 18 ko 20, kuma ka tuna bishiya girma take. Tsayi ba ado ba ne: daga mita 10 zuwa 20 gudun iska na ƙaruwa da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, wutar kuma da sulusi ko ma rabi.

Gwaji mai arha: ɗaura ƙyallaye a jikin doguwar gora, tazarar mita ɗaya-ɗaya, ka tsayar da ita ranar da ake iska. Ƙyallen da ke miƙe sak yana cikin iska mai kyau. Wanda ke naɗewa yana faɗuwa yana tashi, yana cikin rikitacciya. Ka duba ɓangarori biyu, arewa maso gabas inda hunturu ke fitowa, da kudu maso yamma inda iskar damina ke fitowa, su kasance a buɗe.

Sai filin faɗuwa. Idan hasumiyar ta kife ta kowace fuska, kada ta taɓa ɗaki, garken dabbobi, hanya ko wayar Nepa. Ka sanar da mai unguwa da maƙwabta, a cikin gari kuma ka tuntuɓi hukumar tsara birane. Kusa da filin jirgin sama, dogon ƙarfe sai da izinin hukumar NCAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama.

Kayan da za ka haɗa

Injin da za ka zaɓa, ka nemi takardar da ke nuna wat ɗin da yake bayarwa a kowane gudun iska, ba lamba guda ba. Ka tambayi yadda yake kare kansa daga guguwa. Masu kyau wutsiyarsu na lanƙwashewa ta kawar da fuskar injin daga iska idan ta yi yawa. Wanda ba shi da wata kariya, hadarin farkon damina ɗaya ya ishe shi. Ka kuma tambayi inda za ka samu fukafukai da boris idan sun lalace. Araha ba ta ado. Ga masu hannu, akwai tsarin injin da Hugh Piggott na Sikotlan ya yi fice da shi, na fukafukan katako da maganaɗisu da wayar tagulla da ake naɗawa da hannu, wanda mai walda da kafinta da mai naɗin waya za su iya haɗawa, su kuma gyara.

Kwantirola dole ta zama ta iska, ko wadda aka yi don haɗa iska da sola. Kada ka yarda mai wayarin ya jona injin a kwantirolar sola. Ita idan batir ya cika yanke layi take, farantin sola bai damu ba. Injin iska kuwa idan aka yanke masa kaya, kamar mota ce da aka sa furi a gangare, gudu zai yi ta ƙarawa har fukafuki ya tsinke. Shi ya sa kwantirolar iska ke da wani ƙarfe mai zafi da take karkatar da rarar wutar zuwa gare shi. A kafa shi nesa da katako da labule. Wasu na sa shi cikin tankin ruwa, su sami ruwan ɗumi na alwalar asuba a hunturu. Mai batirin litiyam ya ƙara kula, domin batirin ma yana da na'urar da ke yanke caji da kanta, don haka a saita karkatarwar ta fara aiki kafin batirin ya yanke.

Sai makunnin birki, wanda ke haɗe wayoyi ukun da suka sauko daga injin wuri guda, ya tsayar da shi. Sai fis tsakanin kwantirola da batir. Batir mai ruwa kada a sha fiye da rabinsa: mai lamba 200 a bolt 12 yunit 2.4 yake ɗauka, naka 1.2 ne. Inbata kuma daidai kayan gidan.

Ka zaɓi tsarin bolt 24 ko 48 idan hasumiyar na da nisa da ɗakin batir. Wat 500 a bolt 12 na tura amfiya sama da 40 cikin waya, a bolt 48 kuwa wajen 10, kuma asarar da ke tafiya a zafin waya ta ragu sau 16. Wayar ta zama tagulla zalla mai kauri, ba mai rufin tagulla a kan alminiyam ba.

Kada a jona tsarin kai tsaye da layin KEDCO ko wani kamfanin rarraba wuta. A sa makunnin sauya layi, yadda wutarka ba za ta koma falwaya ta kama ma'aikacin da ke gyara ba.

Ranar kafawa

Hasumiyar da ta fi dacewa da gida ita ce ta bututun ƙarfe mai kauri da ake kwantarwa a tayar, mai maƙalli a gindi, da wayoyin ɗauri ta fuska huɗu. Amfaninta, ba mai hawa sama. A haƙa rami biyar, ɗaya na gindi, huɗu na turakun ɗauri, kowanne nesa da gindin da kamar rabin tsayin hasumiyar. A zuba kankare a bar shi ya yi ƙwari sosai, ana ba shi ruwa, kada a yi gaggawar ɗora masa nauyi a kwana biyu. A ƙasa mai rairayi a ƙara zurfi da faɗi.

A fara tayar da hasumiyar ita kaɗai ba inji, a daidaita wayoyin har ta tsaya cak, sannan a kwantar. A ƙasa ake haɗa injin. Bayan an ɗaura fukafukai, a auna tazarar da ke tsakanin bakin kowanne da na kusa da shi, su zo daidai, in ba haka ba girgiza za ta kwance notuna. A zura waya ta cikin bututun, a ɗaure ta daga sama don kada nauyinta ya rataya a kan mahaɗa.

Jerin jonawa yana da muhimmanci: batir da kwantirola tukuna, sai ƙarfen karkatar da rara, sai injin a ƙarshe, birkinsa a kunne. A kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa ta da hasumiyar da wayoyin ɗauri, a kuma sa na'urar kare kaya daga tsawa kafin kwantirola. Ƙarfe mai mita 18 a fili, shi aradu za ta fara nema.

A tayar lokacin da iska ta kwanta, da sassafe ko da yamma, ba da hantsi ba. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, ba mai tsayawa a ƙarƙashi, yara kuma a kore su nesa, don sai sun taru. Idan ta tsaya an ɗaure, a saki birki, a tsaya a saurara. Inji lafiyayye shuu kawai yake yi. Ƙwanƙwasa ko rawar hasumiya na nufin a taka birki a sauke.

Kulawa

Bayan wata ɗaya a sauke a sake ɗaure kowane noti, a duba wayoyin ɗauri, domin sababbi suna saki. Daga nan sau biyu a shekara. Na farko bayan hunturu, saboda ƙura na cin gaban fukafukai tana shiga boris: a goge, a duba tsaga, a sa giris inda ake sawa. Na biyu kafin ruwan farko, wajen Afrilu ko Mayu, lokacin da hadari ke zuwa da iskar da ke yaye kwano. Idan ka ga gabas ta yi baƙi ko ja, ka taka birki tun iskar ba ta iso ba, domin birkin lantarki ba lallai ya iya tsayar da injin da ya riga ya ɗauki gudu ba. Kowa a gidan ya san inda makunnin yake, har da wanda ke kwana a gidan idan ka yi tafiya.

Ka sa ƙaramar mita a layin injin shi kaɗai, daban da na sola, kana rubuta abin da ya bayar duk ƙarshen wata. In ba haka ba sola ce za ta yi ta aiki, injin yana karɓar yabo don shi ake gani yana juyawa. Idan shekara ta zagayo abin da ya bayar bai kai rabin lissafinka ba, ka duba kaurin waya da saitin kwantirola, sannan ka mayar da gorar nan mai ƙyallaye kusa da hasumiyar. Mafi yawan lokuta za ka tarar tsayi ne bai isa ba, kuma ƙarin bututu mita shida ya fi sayen inji na biyu arha.